Itacen Jegon Barira

Akwai wani mutum a Bagudo mai suna Lauwali, yana da ƙaramin jirgin ruwa mai aiki da tururi. A shekarar samun 'yancin kai, shi ke ɗaukar 'yan kasuwa a kogin Kwara har bakin iyakar Dahomey.

Jirgin nan ba ya ƙoshi. Kwal ɗin da ake kawowa daga kudu ya yanke. Lauwali ya gwada kara, ya cinye kafin tukunyar jirgi ta yi ɗumi. Ya gwada ɓuntun shinkafa, toka ta toshe murhu. Kashin shanu kuwa hayaƙi kawai ya yi, har fasinja suka sauka suna tari. Ga damina ba ta gama ɗaukewa ba, duk itacen daji a jiƙe yake.

Bikin 'yanci ya matso, mutanen ƙauyukan bakin ruwa kowa na son zuwa gari. Lauwali ya kasa zama. Ya je bakin kogi, ya dawo gida, ya sake fita.

A gidansa kuwa akwai busasshiyar kirya a jere ƙarƙashin rumfa. Tun bazara ya tara ta don wankan jegon matarsa Barira, wadda cikinta na fari ya tsufa.

Ta fito ta same shi yana ɗaure itacen.

"Malam, ina za a kai iccen nan?"

"Aro ne. In na dawo in maido miki ninki biyu."

"To wanda ke ciki ka shawarce shi? Ba ya jiran ka dawo."

Ya yi dariya, ya sa aka kwashe duka. Jirgi ya yi gudun da bai taɓa yi ba.

Yana can bakin iyaka Barira ta haifi 'ya mace. Gwaggon Barira, Kubura, ta zo daga ƙauyen Sharabi, ta ɗora tukunyar wanka, ta leƙa rumfa ta ga wayam. Ɗanyen itacen da maƙwabta suka kawo ya ƙi kamawa, mai jego na kwance tana rawar ɗari. Kubura ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta nemi jaki, ta tafi da uwa da jaririya Sharabi.

Da Lauwali ya dawo, tun daga bakin ruwa masunta suka tare shi.

"Barka, angon ƙarni. An ce jirgi ne ya haihu. Ya ƙarfin jikinsa?"

Ya ɗaure jirgi, ya kama hanyar Sharabi a ƙasa.

Kubura ta tare ƙofa. "Mai jirgi ya yi ɓatan hanya. Nan babu fasinja."

"Gwaggo, na yi kuskure. In gan su kawai."

"Ga gatari can. Ranar da ruwa ya tafasa da hannunka, sai mu yi magana."

Ranar biki 'yan kwalekwale suka kwashe mutanen da ya yi wa tanadi. Shi kuwa yana durƙushe a bayan zana, yana faskare, yana jera itace a gefen murhu don ya bushe, yana hura wuta idonsa na zubar da ruwa. Da rana ta ɗaga, tukunya ta fara kuka.

Sai ya ji muryar Barira daga cikin ɗaki, a hankali.

"Gwaggo, ce masa ya ƙara icce guda. Kuma ya wanke hannu kafin ya ɗauki ɗiyarsa."

Darasi: Abin da ka ajiye don iyalinka ba jarin kasuwa ba ne. Wanda ya ƙona haƙƙin gida don ya yi sauri a waje, da ƙafa zai dawo neman gidan. Ku tura wa masu gida, musamman waɗanda matansu ke da ciki.