Benen Malam Haladu da Tauraro Mai Lumshe Ido

Ku gyara zama ku ji wata magana. Ita kanta ba ta da tsawo, gardamar da ke bayanta ce doguwa, kuma ku za ku yi ta.

A garin Rafin Kanya an yi wani malami, Malam Haladu, mai karantar da magidanta littattafai a zaurensa. Yana da bene na ƙasa a kan gidansa, ɗaki guda da ɗan fili a gabansa, kuma duk gidan babu ɗakin da ya kai shi. A wannan ɗan filin ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana kallon tauraro ɗaya tak, can arewa da Kaza da 'Ya'yanta. Tauraron yana da wani hali. Sai ya yi ta haskensa kamar kowa, wata rana kuma sai ya dushe kamar mai jin barci, ya jima a haka, sannan ya farfaɗo. Malam ya sa masa suna Mai Lumshe Ido.

Malam ya ce ba ɗaya ba ne, su biyu ne, nisa ne ya haɗa su a ido. Ɗaya kamar fitilar ƙwai, ɗaya kamar aci-balbal, suna zagaya juna. In mai raunin hasken ya gifta ta gaban mai ƙarfin, sai ya tare shi. Ya ce abin da ke zagaye kuwa yana da lokacinsa, ba ya saɓawa, don haka ana iya faɗin ranar dushewar tun ba ta zo ba.

Sau biyu yana faɗin rana, yana tara mutane. Sau biyu tauraron yana tsayawa ƙyam, ko ƙiftawa bai yi ba. Daga nan sai ba'a. In ya bi ta kasuwa sai a ce, "Malam, ina abokin nasa? Ko ya tafi cin rani ne?" Liman Gwadabe, wanda suka yi karatu tare tun suna yara, ya faɗa a masallaci cewa wasu malamai sun ajiye littafi sun koma duba. Bai kama suna ba, amma kowa ya gane. Masu ɗaukar karatu suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya zama wurin kwanan awaki.

Malam bai daina hawa benen ba. Ga yadda yake yi, tunda ba shi da agogo. Da an idar da sallar Isha'i sai ya hau, ya ɗauko tilawa da ka, idonsa na sama. In tauraron ya kai ƙarshen dushewa sai ya tsaya, ya rubuta kwanan wata da yawan izun da ya karanta. Haka takardu suka taru, har idonsa ya mutu, ƙafafu suka bi.

Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya kira 'ya'yansa uku, ya kira mai unguwa shaida. Ya ce, "Ba na so a binne ni da sunan mai duba. Wanda ya faɗi rana da lokaci, tauraron nan ya lumshe a gaban Gwadabe ina da rai, benen nan nasa ne."

Kowannensu kuwa yana da buƙatar benen.

Sallau ne babba, tela ne, shi da matarsa da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu. Tun da idon Malam ya mutu, shekara bakwai ke nan, shi ne idonsa. Shi yake goya shi ya hau da shi, ya zauna yana gwada hasken tauraron da na wasu biyu da ke kusa da shi, ɗaya ya fi shi, ɗaya bai kai shi ba. Malam na tilawa, shi yana cewa ya fara raguwa, ya ƙara raguwa, ya kai ƙasa. Sauro ya ci shi, sanyi ya shiga ƙirjinsa, wuyansa ya sandare har ba ya iya waiwaye sai da duk jikinsa. Da rana a kan keken ɗinki yake gyangyaɗi, ya taɓa ɗinke hannun rigar ango da wuyanta. Masu kawo ɗinki suka ragu. Bai taɓa cewa ya gaji ba, matarsa ce ke faɗa a madadinsa.

Tanko ne auta, malamin lissafi a makarantar firamare ta wani gari. An ba shi mata, iyayenta sun ce sai sun ga ɗaki. Ya zo hutu da agogon hannu da littafin rubutu, ya baje takardun ubansa a zaure. Shi ya fara gano inda Malam ya kauce. Malam yana ƙirga dushewar da ya gani ne kawai, ya manta cewa taurarin nan biyu ba sa daina zagaye don gari ya waye. Da yawa daga giftawarsu da rana take faɗawa, ko a bayan hadari, babu wanda ya gani. Tanko ya ce dole kowane tsakani ya zama ninkin wani tsakani guda ƙarami, shi za a nema. Ya nemo jadawalin lokutan salla na duk shekara, ya sa agogo ya auna izu ɗaya a bakin Malam, ya mayar da izu mintoci. Hutu ya ƙare bai koma aiki ba, har aka aiko masa da takardar gargaɗi.

Lantana ce ta tsakiya. Mijinta ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, ba ta haihu ba, ta dawo gida. Ita ke wanke Malam, ita ke ba shi kunu a baki. A wani ɗan ɗaki take kwana a gindin matakalar benen, ita da buhunan gyaɗa, don ƙuli-ƙuli take yi. In damina ta yi nisa sai ta jera kwanoni tana tarar yoyo. Ita ba ruwanta da taurari. Ba ta taɓa hawa benen da dare ba, in aka ce ta nuna Mai Lumshe Ido ba ta san shi ba. Abin da ta sani, kullum bayan Isha'i tana zaune tana ɓarar gyaɗa, muryar Malam na saukowa ta saman kanta.

Tanko ya fitar da rana. Bai gaya wa kowa ba sai Sallau, don a gwada a ɓoye. Tauraron bai dushe ba. Ya sake lissafi, ya sake sa rana. Wannan karon ya dushe, amma sai wajen asuba, alhali an ce farkon dare. Malam kuwa kullum ƙara narkewa yake.

Wata la'asar Lantana ta kai wa Tanko abinci zaure, ta tarar yana ɗaure takardun da igiya. Na jiya ma bai taɓa ba. Ta ajiye kwanon, ta juya, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Ta daɗe tana son ta yi magana, amma takan ce wa ranta, mai ƙuli-ƙuli ina ita ina lissafin malaman boko.

Ta ce, "Auta, wane izun ka auna?"

Ya ce, "Izu ai izu ne, Yaya Lantana. Na Baba na auna."

"Na yanzu ko na da?"

Ya ɗago kai. Ta dawo ta durƙusa gefen tabarma, tana murza bakin mayafinta. Ta ce lokacin da ta dawo gidan nan, kafin Malam ya kai ƙarshen izu ƙoƙo biyu take ɓarewa. Shekarar da Inna mahaifiyarsu ta rasu sai ta ɓare huɗu, don yakan karanta ya yi shiru, ya karanta ya yi shiru. Da haƙoransa na gaba suka zube ya koma uku. In sanyi ya shigo tari na ƙara masa rabi. Daren Juma'a yakan ja karatu, ba ya sauri. Ta ce, "Da azumi kuma ba bayan Isha'i yake farawa ba, sai an sauko daga asham. Ka sa wannan?"

Tanko ya yi dariyar gajiya. "To hannunki agogo ne?"

"Ni dai ban sani ba. Ga gyaɗa can, ga agogonka."

Ya gwada ta sau biyar. Ƙoƙo ɗaya minti goma, in ya kauce da ƙyar ya kai rabin minti. Ya dube ta, ya dubi takardun, ya kwance igiyar.

Kwana arba'in suka yi a kai, su ukun. Sallau na karanta ajamin, yana ware dushewar da ya tabbatar da wadda gajimare ya sa shi kokwanto. Lantana na faɗin shekara, wannan ta zuwan fara ce, wannan ta rushewar rijiya, izu a lokacin ƙoƙo kaza ne. Tanko na rabawa yana ninkawa, har yatsansa ya yi kanta. Babu mai jin daɗin aikin. Sallau yakan yi barci da takarda a hannu. Lantana takan tashi tsakiyar magana ta je ta juya Malam, ta dawo ta manta inda aka tsaya. Sau biyu Tanko da Sallau suna daina magana da juna. A ƙarshe dai tsakanin ya fito, kwana uku ba sa'a uku da 'yan mintoci. Tanko ya ɗora shi a kan takardun shekara goma sha tara, suka zauna daram.

Ya sa ranar Talata, ƙarfe tara da rabi na dare. Sallau ya je da kansa ya roƙi Liman Gwadabe ya zo tun daren Litinin ya ga tauraron da cikakken haskensa, don kada a ce dama haka yake. Liman ya zo, don kunyar zumunci.

Ranar Talata mutum goma sha ɗaya ne kawai suka taru, wasunsu dariya suka zo nema. Sallau ya goya Malam, ya ce bai fi nauyin buhun dusa ba. Lantana ta tsaya a tsakiyar matakala da kofin ruwa, ba ta ƙarasa hawa ba. Daga nan take jin su. Da fari ana ta zolaya, wani yana cewa da ya sani ya taho da bargo. Can sai surutu ya ragu. Can sai ta ji babu mai magana sai agogon Tanko da take ganin kamar tana jin bugunsa.

Malam ya ce, "Gwadabe, me ka gani?"

Liman ya ƙara duban sama. Sannan ya ce, "Ya lumshe, Haladu."

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Lantana ta san kunnensa ras yake, yana jin faɗuwar ƙwayar gyaɗa daga bene. Liman ya maimaita da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a zai faɗa a inda ya faɗi ta farko.

Ita ta zaci Malam zai yi kuka, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku sauke ni, bayana ciwo yake."

Da safe mai unguwa ya zo ya tambaye shi wa ya ci benen. Malam ya ce a bar shi ya huta tukuna. Washegari ma haka ya ce. Ranar Juma'a aka zo aka gaya masa Liman ya cika alkawari, ya gyaɗa kai. Ranar Asabar da hantsi Lantana ta kawo kunu, ta tarar ya cika.

Bayan sadakar bakwai aka zauna. Liman ya ce a shari'a benen ya shiga gado. Su ukun suka ce sun ji maganar ubansu da kunnensu, ba za su taka ta ba, a ba wa ɗaya, sauran gida a raba.

Sallau ya ce, "Da ban zauna shekara bakwai ina kallo ba, da me za a lissafa? Makaho ba ya ganin dushewa."

Tanko ya ce, "Shekara nawa ana kallo a gidan nan, me ya fito sai kunya? Baba cewa ya yi wanda ya faɗi rana da lokaci. Bakina ne ya faɗa."

Aka juya ga Lantana. Tana zaune bayan ƙofa, barci take ji fiye da komai, don tun rasuwar ba ta iya barci babu tilawa a saman kanta. Ta ce, "Ni ban ga tauraro ba, ban iya lissafi ba. Amma sau biyu Auta yana faɗin rana kafin in yi magana. Ku tambayi Yaya abin da ya gani."

Mai unguwa ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa. Aka tashi ba a yanke ba. Benen yana nan a kulle, 'ya'yan Sallau na kwana a gicciye, surukan Tanko sun aiko sau biyu, damina kuma ta kusa komawa kan rufin Lantana.

To, jama'a, ga wanda ya ba da idonsa, ga wanda ya ba da lissafinsa, ga wadda ta riƙe lokacin a hannunta ba ta ma sani ba. Wa za a miƙa wa mabuɗin benen?