Ramin Da Izak Ya Toshe

Mijina Izak mutum ne mai hannu, amma ba ya son a gaya masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran motoci a Rehoboth, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar motar kai burodi, ya mayar da ita mota mai ɗaki. Shi ya kafa gado, shi ya kafa murhu da firji, ya ajiye tukunyar gas a kabad ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A ƙasan kabad ɗin ya huda rami kamar bakin kofi, ya ce ko gas ya yi yoyo ta nan zai fita, domin gas ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Wato ya san wannan sarai. Shi ya koya mini ma.

Ni ce na fara ƙorafin ƙura, ba zan ɓoye ba. Hanyarmu ta zuwa bakin teku tsakuwa ce da gargada, kafin a isa sai ka tarar da farantai sun yi ja. Bara a watan Disamba, da za mu tafi kamun kifi garin Henties, na ce masa na gaji da wanke kwanon da ban ci abinci a ciki ba. Sai ya cusa tsumma a ramin, ya bi da salatif.

"Izak, ba kai ka ce ramin na gas ne ba?"

"Grieta, ni na ɗaure mahaɗar tiyon gas ɗin nan da hannuna. Abin da na ɗaure ba ya kwancewa."

Na ƙyale shi, farantaina kuwa suka iso fes.

'Yarmu Lizelle ta biyo mu, da cikinta na wata bakwai. Kwana na biyu muka wuni a bakin ruwa, motar a kulle cikin rana. Da la'asar muka dawo, na buɗe ƙofa, sai karenmu ya tsaya a mataki ya ƙi shiga, shi da kullum yake riga kowa. Na sunkuya in ɗauki buta, wani wari ya bugi hancina, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan na miƙe tsaye ba na jinsa sosai. Idan na duƙa sai ya cika mini kai.

"Tsoho, zo ka ji. Gas nake ji."

"Kifin da nake sa wa ƙugiya ne. Kwanansa biyu a bokiti."

"Bokitin yana waje, Baba," in ji Lizelle. "Ni ma ina ji, har zuciyata na tashi."

"Ke yanzu ko ruwa ma tayar miki da zuciya yake."

Oom Barend, wato Kawu Barend, dattijon da ya kafa tantinsa kusa da mu, yana zaune yana gyara kifi. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, hanyar nan tana kwance haƙorin mutum ma, balle noti. Rufe tukunyar, ka buɗe ƙofofi, uwargida ta kaɗa maka ruwan sabulu ka shafa a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa ka ga wurin."

Da mu kaɗai ne, wataƙila da Izak ya ji. Amma a gaban baƙo ne, kuma baƙon ya yi murmushi.

"Oom, sabulu na wanke-wanke ne," ya ce. "A gareji laita muke karawa. In akwai yoyo sai ka ga ɗan harshen wuta shuɗi, ka hure shi, ka ɗaure. Sau ɗari na yi."

"A fili ka yi, inda iska ke kaɗawa," in ji Oom Barend. "Ba a cikin akwati ba."

A lokacin kwalbar sabulun tana hannuna. Har yau ina ganin ta. Na so in ce masa ya tuna da tsumman da ya cusa, amma na san in na faɗa a gaban mutane zai ji na tozarta shi. Abin da na iya kawai, na ja hannun Lizelle na ce ta raka ni shanya tawul. Izak kuwa ya shiga motar da laitarsa. Mun yi taku kamar goma sha biyar.

Ba ƙara mai yawa ba ce. Wani "fuuu" ne mai nauyi, kamar an kakkaɓe babban bargo. Na juya na ga labule yana ci da wuta, Izak ya fito da baya a gwiwa, hannuwansa a sama kamar mai roƙo. Oom Barend ne ya ruga da abin kashe gobara, sannan ya naɗe hannu da jiƙaƙƙen buhu ya rufe tukunyar. Ni kuwa na riƙa zuba wa Izak ruwan shanmu a hannu har ya ƙare. Bai yi ihu ba. Tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Lizelle tana ina? Lizelle tana ina?"

Makonsa biyar a asibiti. An yanko fata daga cinyarsa aka lulluɓe bayan hannuwan. Da Oom Barend ya duba daga baya, ya tarar notin ya saki da rabin juyi kawai. Ya shafa ruwan sabulu don in gani, kumfa ta taso kamar ta bakin ƙaguwa. Ko minti biyu bai ɗauka ba.

An haifi jikarmu a watan Fabrairu, lafiya lau. Da Lizelle ta miƙa masa ita, ya dubi yatsunsa da ba sa lanƙwasuwa, ya ce, "Ɗora mini ita a cinya, kada in yar da ita." Yanzu ni nake sa masa maɓallin riga ranar Lahadi. Motar tana bayan gida, an gyara ta. Ranar da ya dawo daga asibiti ya tsaya a kaina, ya sa na durƙusa na zare tsumman nan da hannuna.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. Sanin aiki ba ya kare wanda ya ƙi sauraro, kuma shirun da ake yi don kada mutum ya ji kunya yana iya jawo masa abin da ya fi kunya ciwo. Idan kun ji warin gas, ku fitar da kowa, ku rufe tukunya, ku buɗe ƙofofi, kada a ƙyasta komai. Ku nemi yoyon da ruwan sabulu. Ramin da aka bari a ƙasa kuma ku bar shi a buɗe. Ni dai yanzu ina wanke farantai masu ƙura, ba na ƙorafi.