Tagar Tasalla

Dalilin da ya sa tsohon siton nan na bayan masallaci yake da ɓula a bango, kuma ba a toshe ta, ku matso ku ji. Ke Hansatu, sauko daga katangar nan tukuna, gabana faɗuwa yake!

Can da, lokacin da gandun Magaji ke ci, a siton nan ake tara dawar gari kaf. Ko taga ba shi da ita. In an gama kaka, sai a zuba barkono a garwashi, a kulle ƙofa a liƙe da laka kwana uku, hayaƙi ya kashe ƙwari. Kafin a rufe, mai tsaron wurin, Baba Jatau, yakan leƙa ya yi kira sau uku: "Da mutum?"

To, akwai wata mai sussuka a gandun, Tasalla, da 'yarta ɗaya tal, Ladiyo, mai shekara biyar. Ran nan da hantsi ta ɗago kai, babu Ladiyo. Ta duba rijiya, ta duba gindin tsamiya, shiru. Sai ga 'yar tsanar yarinyar yashe a bakin sito, lakar ƙofa ko bushewa ba ta yi ba. Ta ruga wurin Baba Jatau.

"Baba, ka shiga ka duba kafin ka rufe?"

"Sau uku na yi kira, 'yar nan. Ko tari ban ji ba."

"Kira? Wayyo Baba, Ladiyo fa kurma ce!"

Tsoho ya dafe kai yana salati. Ga shi Magaji ya tafi kasuwa da makulli.

Tasalla ba ta tsaya ba. Ta suri taɓarya ta zaga baya, inda damina ta zaizaye bango, ta yi ta duka har tafin hannunta ya fashe. Bango ya ɓule, hayaƙi ya turnuƙe ta. Ta cusa kai, idonta ba ya gani, tana lalube tsakanin buhuna, sai ta ji ƙafa. Ta jawo. Yarinya shame-shame. Aka yayyafa mata ruwa, aka sake. Can sai tari.

Sau uku magina suna toshe ɓular, sau uku Tasalla tana zuwa da taɓaryarta. Magaji ya gaji ya ce, "Ku bar mata tagarta."

Shi ya sa har yau ake ce wa wurin Tagar Tasalla. Amma ku ji ni da kyau: don a fito aka bar ta, ba don ku shiga ba.