Rafin Da Ya Canza Hanya

Akwai wani mai awon ƙasa da mutanen garinsu suke kira Na-Kujera. Ya yi karatu mai zurfi, ya shekara ashirin da biyar yana aiki a birni, kuma da ya dawo gida babu wanda ya kai shi sanin taswira. Aibinsa ɗaya ne: ba ya son tashi. Idan ya zauna a ofishinsa da safe, fanka tana kaɗa shi, yunwa ce kaɗai take ɗaga shi.

Yana da yaya mace mai ɗinki, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana zaune a unguwar gangare, can gabashin gari, unguwa mai gida arba'in da biyu. Tun da ya dawo bai taɓa taka gidanta ba. Ita ce take zuwa wurinsa.

A lokacin garin ba shi da hukumar kansa. Komai sai an je babbar hukuma, tafiyar awa uku a mota. Wannan hukuma ta ba wani kamfani izinin haƙar tsakuwa a gangare, domin a takardunta wurin fili ne, babu kowa. Abin da ya sa mutane suka tashi neman ƙaramar hukuma ke nan. Yaya ta rufe keken ɗinkinta, ta bi gida gida tana karɓar sa hannu. Bayan shekara uku aka amince.

Aka rubuta dokar kafa hukumar. Ta ba majalisar gari iko a kan kasuwa, da shara, da rijiyoyi. Sashe na tara kuwa ya ce babu mai haƙa ƙasa a cikin iyakar gari sai majalisa ta yarda. Saura a bayyana iyakar. Aka ba Na-Kujera aikin, aka ba shi wata guda da mota.

Shugaban kwamitin neman hukumar, wani mai kemis, ya leƙo ofis ya ce, "Malam, yaushe za mu zaga mu kafa turaku?"

Na-Kujera ya ce, "Zagaye aikin wanda bai yi karatu ba ne. Ni garin nan gaba ɗaya yana cikin durowata."

Ya jawo wata taswira da ta girme wa 'ya'yansa. A cikinta rafi ya bi ta bayan gangare. Sai ya rubuta, "Daga gabas, iyakar gari ita ce rafi." Ya buga hatimi.

Abin da bai sani ba shi ne, yana birni aka yi wata ambaliya. Rafi ya bar tsohuwar hanyarsa, ya fasa sabuwa tsakanin gangare da gari, har aka yi masa gada.

A makon nan Yaya ta kawo masa rigar da ta ɗinka. Ta ce, "Ƙanena, ka zo ka ga iyakar nan da idonka mana. Ko gadarmu ba ka taɓa takawa ba."

Ya ce, "Wace gada kuma, Yaya? Ku komai ƙanƙantar kwalbati sai ku ce gada."

Ta ce, "Kai dai wata rana kujerar nan za ta yi maka saiwa." Suka yi dariya, ta tafi.

Ranar da aka rantsar da majalisa, an karanta wa jama'a sashe na tara har sau biyu, ana ta tafi. Shafin iyaka kuwa, wanda shi ne na ƙarshe, babu wanda ya buɗe. Ai Na-Kujera ne ya rubuta.

Bayan wata biyu, da hantsi, katafila ta sauka a gangare. Mai kemis, wanda yanzu shi ne shugaban hukuma, ya ɗauki dokar, ya sa aka ɗauko Na-Kujera a mota don ya zama shaida. Mota tana hawa gada, Na-Kujera ya ga ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa. Ya riƙe hannun direba ya ce, "Tsaya! Wannan wane ruwa ne?"

Direba ya ce, "Rafi mana, Malam. Muna da wani ne?"

Nan ya gane rafi ya canza hanya, gangare ya faɗa bayan iyakar da ya rubuta. Ya saki hannun direba, mota ta wuce.

Shugaba ya tsaya gaban katafila, jama'a a bayansa, ya karanta sashe na tara da ƙarfi. Lauyan kamfani ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ce mai kyau. Ko za ka buɗe shafin ƙarshe?"

Shugaba ya buɗe, ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi rafin da ya tsallako.

Lauya ya ce, "Ikonka ya ƙare a tsakiyar gada. Nan inda kake tsaye, baƙo ne kai."

Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa. Yaya ta juya ta dubi ƙaninta, ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na-Kujera ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Shekara uku ina bin gidajen mutane da ƙafata. Kai yini ɗaya aka roƙe ka, kuma a mota!"

Majalisa ta nemi a gyara dokar. Aka ce gyaran iyaka sai ya koma babbar majalisa, kuma ba zai kasa shekara biyu ba. Katafila ba ta jira ba. Kafin damina ta fita, gida arba'in da biyu sun zama rami.

Ranar da Yaya ta kwashe kayanta, Na-Kujera ya tako da ƙafa har gangare don ya taya ta. Ta riga ta ɗora keken ɗinkinta a kura. Kujera ɗaya ce ta rage a tsakar gidan da babu rufi. Ta nuna masa ita, ta ce, "Ɗauki, taka ce. Ita kaɗai ka iya riƙewa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimi ba ya ɗauke wa mutum wahalar zuwa ya gani da idonsa. Layi ɗaya da malalaci ya rubuta a zaune yana iya rushe abin da jama'a suka yi shekaru suna ginawa. Mu kuma, idan an rubuta dokar da za ta mulke mu, mu karanta ta har shafin ƙarshe, komai girman wanda ya rubuta.