Ƙwaryar da Aka Fasa a Kasuwa

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, aka tafka wannan rashin adalci, a zamanin da, a birnin wani sarki mai son gaskiya ko da ta yi ɗaci. Ba a jima ba nama ya ɓace a kasuwa, har fada ta koma cin miya lami. Sarki ya ture akushi, ya ce, "Waziri, annoba ce ta faɗa wa shanu, ko wuƙaƙe ne suka ƙare a ƙasata?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shanu lafiya lau. Mahauta ne suka ajiye wuƙa saboda Barau ɗan Sarkin Fawa."

Ga yadda aka yi. Wani Malam Cindo shi ke yi wa mahauta yanka kowace safiya, su feɗe, su ba shi kason wuya bisa al'ada. 'Yarsa Yalwa ke zuwa karɓa. Nan suka saba da Barau, har manyansa suka kai kayan neman aure. Malam ya karɓa, ya ba su ruwa a ƙwarya suka sha. Daga baya dangi suka taso masa: jikar malamai a gidan mahauta?

To, fasa aure ba kansa farau ba. Al'ada ita ce a tura dattijo ya mayar da kaya a asirce, ya ba da haƙuri. Malam Cindo bai yi haka ba. Tsakiyar kasuwa ya sa aka zube kayan, ya ɗaga ƙwaryar nan ya fasa da ƙasa, ya ce bakin mahauta ya taɓa ta.

Barau yana wurin. Ya durƙusa ya tsince sakainar, ya zuba a aljihu. Da ya haɗu da Yalwa a bakin rijiya, ta ce, "Ba zan tsallake maganar Baba ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ba ke kika fasa ba."

Daga nan ya daina bin layin su Yalwa, yana zagayawa ta marina ko da rana ta take. Tuwo ya kwana a gabansa. Uwarsa ta ce, "Kai, ci abinci. Uban yarinya ne ya ƙi ka, cikinka bai yi maka laifin komai ba." Ya ci, ya wanke hannu, ya je ya sami ubansa, ya ce, "Baba, idan bakinmu yana ɓata ƙwarya, hannunmu ma yana ɓata nama. Kada mu cuci mutanen gari." Sarkin Fawa ya mayar da wuƙarsa kube. Sauran mahauta suka bi.

Sarki ya sa aka kira Barau da Malam Cindo. Waziri ya fara da lallashi: "Yaro, abin da ya wuce ya wuce. Sarki zai ba ka bijimai goma, ya aura maka wadda ta fi ta."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, bijimai goma su ma sai an feɗe su, da hannun nan kuwa."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Sarki ya juya ga Malam: "Allah gafarta Malam, wuyan da kake kaiwa gida shekara da shekaru, hannun wa ke miƙa shi?"

"Na mahauta, Allah ya ba ka nasara."

"Tukunya nawa ka fasa saboda shi?"

Malam ya dubi ƙasa, ya ce, "Dangi ne suka matsa mini."

Sarki ya ce, "Dangi sun ce ka hana 'ya. Ba su riƙe maka hannu ka fasa ƙwarya ba. Barau, in ka so, yau zan sa a ɗaura auren."

Har yanzu Barau bai daina son Yalwa ba. Amma ya san gidan da za ta riƙa zuwa gaisuwa ana kau da kai, ya san kuma abin da za a riƙa kiran 'ya'yanta. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba na son ta shigo gidanmu a matsayin tarar da aka ci ubanta. Na haƙura da ita. Ƙwaryar ce ban haƙura ba."

Sarki ya ce, "Faɗi haƙƙinka, na zartar da shi tun kafin ka faɗa."

Barau ya zaro sakainar daga aljihu, ya jera a gaban Sarki, ya ce, "Talata mai zuwa, da hantsi, Malam ya zo inda ya fasa wannan. Ubana zai sha ruwa a sabuwar ƙwarya, ya miƙa masa ya sha saura. Sannan ya ce ya yi kuskure, da muryar da ya ɗaga ran nan, kada ta ragu. In ya faɗa, kafin azahar nama ya iso fada."