Awon Katangar Alhaji Mamuda

Damina ta kayar da katangar da ta raba gidan Alhaji Mamuda da na maƙwabcinsa, Jatau mahauci. Alhaji ya kira Tanimu magini, ya ja shi gefe.

"Katanga nake so wadda Jatau ba zai ga cikin gidana ba, amma ni in riƙa ganin cikin nasa."

"Alhaji, ai katanga ba ta san mai gida ba."

"Ko ka gina ta haka, ko ka manta da kayan aikinka." Alhaji ya sa aka kulle kayan a ɗaki.

Tanimu ya sosa ƙeya. "To, za ta ginu. Amma katangar tsakani ba a auna ta sai masu gidan biyu suna tsaye."

Aka kira Jatau, ya fito da wuƙar fawa a hannu, ko goge ta bai yi ba.

Tanimu ya ja igiyar awo, ya ɗaga murya. "Alhaji, nuna mini inda kake so idonka ya riƙa sauka a gidan Jatau. Ƙofar ɗakin matarsa, ko wurin wanka?"

Jatau ya juyo a hankali.

Alhaji ya haɗiye yawu. "Wane irin awo kuma? Ɗaga ta, Tanimu! Ɗaga ta har sama!"

"Da me, Alhaji? Kayana suna kulle."

Alhaji da kansa ya ruga ya ɗauko su, har ya tsaya miƙa bulo.