Zaure Marar Tabarma

"Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa ganin inda aka kira gayya a zaune ba."

"To, yau za ki gani."

"Baban Tabita, ka tashi ka sa takalmi."

"Takalmin me? Ga gari duka a tafin hannuna. Ke dai je ki jiƙa dawa."

Akwai wani mutum mai gonar acca a gindin dutse, shi ne da matarsa suke wannan gardama da sassafe. Accarsa ta nuna. Acca kuwa ba ta jiran kowa. Ƙwayarta kamar yashi take, in ta nuna aka bar ta, iska kaɗan sai ta zube, abin da ya zube kuma ba mai tsince shi sai tsuntsu. Ga shi rumbun mutumin ya kusa kai ƙasa, dawar bana ko kai ba ta fitar ba. Accar nan ita ce za ta riƙe gidan kafin dawa ta iso.

A garin nan, in gona ta fi ƙarfin mutum, gayya yake kira, maƙwabta su zo da laujensu a yanke rana ɗaya, shi kuma ya ciyar da su. Kiran gayya kuwa yana da hanyarsa. Mai gona zai bi gida gida, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. Zai tambayi lafiyar yara, da ta awaki, da ta tsohuwa. Sai can ya miƙe zai tafi, kamar wanda ya yi mantuwa, ya ce, "Af, accata fa ta nuna, ran Asabar muke so mu sa lauje." Abin yakan cinye wa mutum yini, wani lokaci har ya kwana bai gama ba.

Amma a shekarar nan mutumin ya sayar da bunsuru ya sayi babbar waya, irin wadda ake shafawa. Aka nuna masa yadda ake tara mutane wuri ɗaya a cikinta, in ka yi magana sau ɗaya kowa ya ji. Aka ce masa sunan wurin zaure. Sai ya buɗe nasa, ya zuba maƙwabtansa duka a ciki, har da kawunsa Gidiyon na birni, wanda rabonsa da lauje tun yana saurayi.

Matar ta leƙa ta ce, "Wannan ne zauren?"

"Shi ne."

"Ina tabarmarsa?"

"Maman Tabita."

"A'a, tambaya nake yi. Wa zai kawo musu ruwa?"

Shi kuwa sai ya shige ɗaki. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa sujada, ya tafi gona, ya tsaya a tsakiyar acca, ya miƙa hannu ya ɗauki kansa hoto. Shi kuwa mutum ne da bai iya dariya a hoto ba, sai ya fito fuska a ɗaure, ido a buɗe, kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ya tura hoton. Sa'an nan ya gyara murya ya yi saƙo, ya gai da manya, ya gai da ƙanana, ya ba da tarihin gonar tun daga kakansa, sai can ƙarshe ya ambaci Asabar.

Kafin ya iso gida wayar ta fara kuka. Hoton babban yatsa, alamar amincewa, ya shigo, wani ya biyo, wani ya biyo, har ya daina ƙirgawa.

Dattijo Barnaba na ikilisiya ya aiko da murya: "Ehem. Ehem. Ana ji na? Tooo. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wannan abu ya yi kyau ƙwarai, ƙwarai da gaske. Ɗan'uwa, muna bayanka. Ehem. Yaya ake kashe abin nan?"

Sila mai injin niƙa ya aiko da tasa, injin yana ruri a bayansa: "Maigida! Ka ɗauka an yanke! An yanke an ɗaure! Ni kaɗai ma na isa!"

Maman Lidiya ta zumuntar mata ba ta yi magana ba, ta aiko da hoton hannuwa biyu a haɗe, da furanni, da wata Amin mai ƙyalƙyali.

Mutumin ya nuna wa matarsa. Ya ce, "Duba. Ko takalmi ban sa ba."

Ta duba da kyau, ta ce, "Babban yatsa kawai suka aiko? Sauran huɗun fa? Da me za su riƙe lauje?"

Sai dai akwai maƙwabci ɗaya da bai shiga zauren ba, wani tsoho mai suna Irmiya, domin wayarsa ƙarama ce, ba abin da ta iya sai kira da haska tocila. Matar ta tsare mijin da magana har ya gaji, ya sa takalmi, ya tafi yana guna-guni a kan mutanen da suka ƙi ci gaba.

Irmiya ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa ya sha. Irmiya kuwa mutum ne mai magana a hankali, kowace kalma sai ya tauna ta. Ya ba shi labarin gwiwarsa ta hagu. Ya ba shi labarin gwiwarsa ta dama. Ya ba shi labarin akuyarsa da ta cinye sabulu. Mutumin yana cewa "Ash, sannu," idonsa yana kan waya. Da ya sami ƙofa ya faɗi abin da ya kawo shi, Irmiya ya sosa gemu, ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Shi ke nan abin da ya ce.

Mutumin ya koma gida ransa a ɓace. Ya ce, "Kin gani? Na ɓata rabin yini, ko 'zan zo' bai iya ce mini ba. Ki share sauran dawar da ke rumbu, a yi tuwo da kunu na mutane da yawa. A yanka zakaran nan ma."

"In na share rumbu, me za mu ci?"

"Acca."

Ta dube shi, ta ɗauki ƙwarya ta shiga rumbu.

Da Asabar ta yi, aka kai tukwane gindin ɗorawar da ke bakin gona. Mutumin ya wasa laujensa, ya tsaya yana fuskantar hanya. Rana ta fito. Sai ga Irmiya yana ɗingishi, matarsa tana biye, da 'ya'yansa maza biyu, kowa da lauje a kafaɗa.

Irmiya ya dubi tukwane, ya dubi hanya, ya ce, "Ina sauran?"

"Suna tafe."

Rana ta ɗaga. Waya ta yi kuka.

"Ehem. Ehem. Ɗan'uwa, Dattijo Barnaba ne. Na ga yadda jama'a suka amsa, na ce kai, ƙauna ba ta ƙare ba a garin nan. To, tun da hannu ya yi yawa, ni bari in ɗan leƙa wani taro. Ina tare da ku a ruhu. Ehem."

Wayar ta sake kuka.

"Maigida! Sila ne! Yaya aiki? Na san yanzu ko wurin sa ƙafa babu! Ka turo mana hoto mu gani!"

Maman Lidiya ta ƙaro fure.

Gama kowannensu ya ga yatsun 'yan'uwansa a jere, sai ya ce a zuciyarsa, "Mutane sun yi yawa, ba wanda zai lura babu ni." Ba su yi shawara ba, ba su kuma yi niyyar mugunta ba. Kowa dai ya bar wa kowa.

Waɗanda suka zo suka sunkuya suka fara yanka. Mai gonar ya yanka kaɗan ya miƙe ya duba waya, ya yanka kaɗan ya miƙe ya duba hanya, har Irmiya ya ce masa, "Maƙwabci, sa abin nan a aljihu. Acca hannu biyu take so."

Da rana ta karkata, hadari ya haɗu daga gabas. Iska ta riga ruwa isowa, ta bi ta kan accar da ke tsaye, sai aka ji wani sauti kamar ana zuba yashi a faranti. Ruwa ya sauko ya gama sauran. Abin da suka yanka ɗan gefe ne kawai. Ragowar gonar ta zama rabon zabi da kurciyoyi.

Suka fake a gindin ɗorawa, tukwanen tuwo a jere, ba a ko buɗe yawancinsu ba. Mutumin ya juya wurin Irmiya.

"Kai da ba ka ce za ka zo ba, me ya kawo ka?"

Irmiya ya ce, "Ka zauna a tabarmata, ka sha ruwana. In ban zo ba, da wace fuska zan gamu da kai a hanya?"

Matar ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta ɗora tukunya a kai, ta yi ta waƙa a hanci tun daga gona har gida, shi kuwa da ta faɗa ɗin ma ya fi masa sauƙi. Gidan nan sau ɗaya suka riƙa ɗora tukunya a yini har dawa ta nuna.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Accar nan ita ce bukatar ɗan'uwanka. Tana da lokacinta, in ya wuce ya wuce. Mai ciwo yau yake bukatar wanda zai kawo masa kunu, ba ranar da ya warke ba. Wadda aka yi wa rasuwa, makon nan ne ɗakinta ya yi mata faɗi.

Mu kuwa yanzu me muke yi? A sa a zauren matasa cewa wance tana asibiti. Kafin ka ƙifta ido, Amin, Amin, Amin, Allah ya ba da sauƙi, hannuwa a haɗe, fure, fure. Kai ma ka sa taka, ka ajiye waya, ka ji zuciyarka ta yi sanyi. Ka ga Amin ta yi yawa, ka ce ai lalle wani ya je. Wanin nan kuwa yana gidansa yana cewa lalle kai ka je. Ita kuma tana kwance tana kallon ƙofa, ga waya cike da furanni, ba wanda zai ɗebo mata ruwan wanka.

Ba cewa ake yi waya Shaiɗan ce ba. Ta taimaki mutane da yawa, tana kuma taimako. Amma ta ɗauke mana wani abu ba mu sani ba. Dā, in ba ka je ba, ka san ba ka je ba, abin ya yi ta cin ranka har ka tashi ka tafi. Yanzu ba ka je ba, amma ji kake yi kamar ka je. Wannan ya fi ƙin zuwa muni, gama wanda ya ƙi zuwa yana iya tuba, amma wanda yake tsammani ya riga ya je, me zai tuba a kai?

Kada kuma mu bar mai gonar ya tsere. Shi ma da nasa. Yana son taimako, amma ba ya so ya sunkuya ya shiga ƙofar wani, ya zauna, ya ji labarin gwiwa, ya buɗe baki ya ce, "Ina bukatarka, kai ɗin nan." Ya kira kowa, don haka bai kira kowa ba. Mutum ɗaya ya kira da sunansa, a ƙofar gidansa, shi ne kuwa ya zo, har da iyalinsa.

Ku tuna, sa'ad da Allah ya so ya cece mu, bai tsaya daga nesa ya ce yana tare da mu a ruhu ba. Ya zo da kansa. Ya taka ƙasa, ƙura ta hau ƙafarsa, ya shiga gidajen mutane ya zauna ya ci abin da suka ci. In mu almajiransa ne, ƙafafunmu ma su san hanyar gidajen juna. Saboda haka a makon nan, a cikin waɗanda ka aika wa yatsa, ka zaɓi mutum ɗaya, ka sa takalmi, ka kai masa sauran huɗun.

Zauren wayar nan kuwa yana nan, ba a rufe shi ba, sai dai ya yi tsit. Saƙo na ƙarshe da ya shiga, na Kawu Gidiyon ne na birni. Bayan kwanaki ya sami data ya buɗe, ya ga hoton mutumin cikin rigar sujada, fuska a ɗaure, ga hannuwa a haɗe da furanni da Amin a jere a ƙarƙashi. Saƙon muryar ya yi masa tsawo, bai saurara ba. Sai ya danna ya yi nasa, har yau kuwa ba wanda ya amsa masa.

"Wayyo, wayyo! Yaushe ya rasu? Mutumin kirki, bai taɓa neman kome a wurin kowa ba. Ubangiji ya ta'azantar da iyali. Ba zan sami zuwa jana'iza ba, amma na ga mutane sun yi yawa."